Mma Adiza, Wadda Ta Shiga Tsakanina da Rana

Ina kan keken ɗinki a shagonmu na unguwar Maamobi a birnin Accra, da hantsi, sai ga Fuseina ƙanwar mahaifiyata a bakin ƙofa, ko kwandon albasar da ta ɗauko daga kasuwar Agbogbloshie ba ta sauke ba. Ta ce, "Salamatu, Mma Adiza ta rasu." Na yi salati, na ɗauki mayafina da malafata, muka nufi gidanta a unguwar Nima.

Ni zabiya ce. Yayana Isaka ma haka aka haife shi, kuma wani gyambo da rana ta buɗe masa a wuya ne ya yi ajalinsa. Ina shekara tara lokacin, fuskata duk ta sale, leɓɓana a tsattsage. Tsoro ya sa mahaifiyata ta kai ni wurin Mma Adiza, wata dattijuwa mai sayar da man kaɗanya da ake kawo mata daga arewa. Ta daɗe tana duban fatata, sannan ta ce, "Ɗiyata, rana ba ta yi miki laifi ba, ke ma ba ki yi mata ba. Bari mu nemi abin da zai shiga tsakaninku."

Mma ba ta taɓa zama a aji ba, amma har yau ina mamakin yadda take bin abu. Ta haɗa mai kala-kala, ta zuba a gwangwanayen madara, ta jera a kan rufin kwano tun hantsi har la'asar. Da yamma ta sauke, ta shinshina, ta duba. Wanda ya yi wari ko ya rabu gida biyu, ta zubar. Takan ce, "Man da bai iya ceton kansa daga rana ba, yaya zai ceci yarinya?" Ta kuma samo gutsattsarin gilashi, ta shafa wa kowanne irin nasa man, ta kifa su a kan wani jan ƙyalle mai saurin koɗewa, ta bar su a rana. Bayan kwanaki ta ɗaga. Inda launin ya tsaya, nan ta san man ya tare rana.

Sai ta koma kan hannunta. Ta shafa layi-layi daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu, ta jira, ta danna farin ƙyalle ta ga wanne fata ta shanye, wanne ya zauna a sama. A nan ta gane cewa man da ya shige jiki laushi yake sawa kawai, mai tare rana kuwa dole ya zauna a bisa fata.

Sau ɗaya ta yi kuskure. Wani haɗi mai man kwakwa da ta shafa mini a bayan hannu bai tare komai ba, wurin ya yi ja ya tashi. Wannan dattijuwa ta durƙusa a gabana, ni yarinya, ta ce, "Ki yafe mini, na yi gaggawa." Ban taɓa ganin babba ya yi haka ba.

Sai da damina ta wuce ta dace da haɗin: man kaɗanya, da farar ƙasa, da wani farin gari da ake sayarwa a kantin magani a Adabraka don ƙurajen jarirai. Mai kauri ne, fari fat. Yaran unguwa suka fara kirana fatalwa, na ce na daina shafawa. Mma ba ta yi mini faɗa ba. Ta lafta shi a tata baƙar fuskar, ta kama hannuna, muka ratsa kasuwa tana gaisawa da kowa. Wata mai tumatir ta ce, "Mma, lafiya?" Ta ce, "Lafiya lau. Kwalliyar bana ce, ke ba ki samu ba?" Daga ranar ban sake ƙi ba.

Ba ta taɓa kambama man nan ba. Kullum maganarta ita ce, "Rabin aiki yake yi. Sauran rabin na malafa ne da dogon hannu da inuwa. In kin yi gumi ko alwala, ki sake shafawa." Iyayen zabiyoyi suka riƙa zuwa daga unguwannin Tudu da Sabon Zango, kowa ta koya masa haɗin, ba ta ɓoye komai.

Ganina na ƙarshe da ita, idonta ya riga ya dushe. Ta shafa fuskata da yatsunta, ta ce, "Jiya kin yi wanki a rana." Gaskiya ta faɗa.

A gidan makoki na tarar da zabiyoyi huɗu, wasu ban ma san su ba, kowa da fatarsa lafiya, muna kuka tare.

Allah Ya jiƙan Mma Adiza, Ya yafe mata, Ya haskaka kabarinta. Ya ba 'yarta Memuna da jikokinta haƙurin wannan rashi, Ya tsare su kamar yadda ta tsare 'ya'yan wasu. Ya Allah, ranar da babu inuwa sai taKa, Ka sanya ta a ciki. Amin.