Hutun Rabin Lokaci a Tanut

Tsallensa na fara gani kafin fuskarsa. Ina dawowa daga lakwal, wato makarantar boko, littafin soyayya ɓoye cikin jakata, sai na hango wani dogo a filin ƙwallo ya tashi sama ya bar kowa a ƙasa, ya doki ƙwallo da ka. Na tsaya har inuwa ta juya. A littattafan da nake karantawa masoyi a mota yake zuwa. Nawa da takalmin roba ya zo.

Yayana ne mai horar da ƙungiyar unguwarmu, don haka ban sha wuyar sanin ko wane ne ba. Ɗan manoman gero ne daga Ollelewa. Kafin damina ta fita mun fara musayar wasiƙa, an kuma soma maganar turo manya bayan girbi.

Ranar wasan ƙarshe da ƴan Belbeji, ya yi karo da kan mai tsaron bayansu. Ya faɗi, ya jima bai motsa ba. Aka yi masa abin da ake yi wa kowa: aka tuttula masa ruwan buta a ka, aka fasa albasa aka kanga masa a hanci. Ya tashi, fili ya ɗau tafi.

Da aka je hutun rabin lokaci yayana ya zo inda mata ke tsaye ya ja ni gefe. Ya ce mutumin nawa lafiyarsa lau, tsoro ne kawai ya kama shi, ba ya jin maganar kowa sai tawa. Na ji kaina ya yi girma, kamar an sa ni cikin littafi. Na same shi zaune ya dafe ƙeya, na durƙusa na ce, "In kana sona, koma ka ciyo mana kofin nan."

Ya dube ni kamar daga nesa, ya koma. Ba a daɗe ba ƙwallo ta zo sama, ya tashi, suka sake karo.

Bayan nan sai ciwon kai, mantuwa, da faɗa ba dalili. Yayana ya ce asiri ƴan Belbeji suka binne a fili, gari ya ɗauka, ni ma na ɗauka. Aka yi ta rubutu da turare. Maganar aure ta mutu a hankali.

Shekaru bayan haka, a Damagaram, na kalli wani fim na Turawa a wayar mijina. Likita ne ke duba ƙwaƙwalwar ƴan wasan da suka mutu, masu ƙungiyoyi kuwa sun san illar bugun kai suka rufe baki. Da na je gida sallah na ba yayana labari, ina zaton zai yi mamaki. Ya ci gaba da zuba shayi.

"An koya mana wannan tun a horon da muka yi," in ji shi. "Ai ranar nan mutumin naki ya yi amai a bayan raga. Har tambayata ya yi wace ce ragarmu."

"Yaya, shi ne ka turo ni?"

"Kofi ne fa, ƙanwata. Wa zan sa a madadinsa?"

Yanzu dogon nawa yana Ollelewa wurin yayarsa, yana shayar da awaki a bakin rijiya. Bara na je. Ya gaishe ni da ladabi, ya ba ni ruwa, sau uku yana tambayata ƴar gidan wa ce ni.