Malam Habu da Kwamfutarsa Ladi

Ku da kuka san Malam Habu Na-Roni, ai kun tuna yadda yake tsayawa tsakiyar titin kasuwar Kazaure da rana tsaka, tabaron masu gyaran agogo maƙale a idonsa, yana juya wani ɗan ƙarfe a yatsunsa. 'Yan adaidaita su yi ta hon, shi ko gezau. Sai ya tofa wa ƙarfen yawu, ya goge da hannun riga, ya ce, "Na kama ka, ɗan gwaji!" sannan ya ba mutane hanya.

Ni tela ne, shagona manne da nasa, don haka dole na sha karatun. Ƙarfen nan shi ne furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta. Ranar da na tambaye shi mene ne kuma ɗan gwaji, sai da na yi da-na-sani, don ya hana ni ɗinki har la'asar.

"Tela, in za ka yi wa mutum kaftani, ba kakan ɗan haɗa shi sama-sama ya saka ka ga inda ya matse ba?"

"Nakan yi."

"To shi ke nan. Kamfani ma kafin ya fitar da furosesa kasuwa, yakan ƙera wasu ya raba wa masu haɗa kwamfuta su gwada, su gano inda ya karkace. Ba a gama gyara su ba, kuma ba na sayarwa ba ne. Na kasuwa yana zuwa a kwali a liƙe, da sunansa, da garantinsa. Ɗan gwaji kuwa ta bayan gida yake fitowa, ba kwali, ba suna, gudunsa bai kai ba, in ya mutu ka kai ƙara wurin kakarka."

"To me kake yi da su?"

"Araha, Tela! Kai wane irin mutum ne?"

Amma fa duk son arahar nan tasa, bai taɓa saka wa mai saye ɗan gwaji a kwamfuta ba. Wani Alhaji mai shagon buga takardu ya taso takanas daga Babura, wai ya ji Malam Habu na da masu sauƙi. Malam Habu ya ce babu. Alhaji ya nuna su da yatsa a cikin gwangwanin madara, ya ce, "Waɗancan fa?"

"Alhaji, ranka ya daɗe, waɗancan masu taɓin hankali ne. Ni kaɗai na iya zama da su."

"Na ji, na yarda, ka sayar mini."

"Yau ka yarda. Ranar da kwamfutar ta ɗauke kana tsakiyar buga katin bikin mutane, sunana za ka kira, ba na ɗan Sin da ya ƙera shi ba."

Alhaji ya hau babur yana faɗa, Malam Habu na bin sa da "Allah ya kiyaye hanya."

To, ga abin da ya sa nake wannan surutu. 'Yata Rakiya ta zauna jarrabawar shiga babbar makaranta, irin wadda ake yi a kan kwamfuta, ta faɗi. Wallahi yarinyar nan ta san karatunta, amma a wajen kakarta ta tashi a Gwiwa, ba ta taɓa riƙe maus, wato linzamin kwamfuta, ba sai a ɗakin jarrabawa. Ta yi ta laluben inda za ta danna har lokaci ya ƙare. Ta dawo ta ce ta haƙura da zama nas, in koya mata keken ɗinki. Raina ya ɓaci sosai, na kasa cin abinci, kuma ba ni da halin sayen kwamfuta.

Malam Habu ya leƙo ya gan ta a kan keke, ya daka mata tsawa.

"Tashi daga nan! Ɗinki na ubanki ne, shi ma bai iya ba."

"Baffa, ni tsoron kwamfuta nake."

"Za ki daina. In ban haɗa miki taki ba, ki daina kira na Baffa."

Ya zaro ɗan gwaji mafi kyau a gwangwaninsa. Nan ne na ga taurin kai iri-iri. Ashe ɗan gwaji ba kowane allon cikin kwamfuta yake yarda ya zauna a kai ba. Ya ɗora shi a wannan, shiru. Ya ɗora a wancan, fanka ta juya ta tsaya. Ya tafi Kano ya dawo da wani allon, shi ma shiru. Na ce, "Malam Habu, ka bar shi mana, ka samo tsohon na kasuwa ko da mai rarrafe ne." Ya ce, "Rakiya ce za ta koyi jarrabawa a kan mai rarrafe? Koma kan zarenka!" Ya sake komawa Kano, a bayan motar albasa kuwa, don direban ɗan garinsu ne.

Wata Lahadi sai muka ji ihu. Kwamfuta ta tashi! Ya buɗe wurin da take faɗin sunan ƙwaƙwalwarta, sai ga sifili a jere, babu suna. Ya ce, "Subhanallahi, marainiya ce, ko suna ba su yi mata ba." Ya aika aka sayo goro, ya raba wa 'yan layinmu, ya ce sunanta Ladi. Har mai shayi ya tambaya ko za a yanka rago.

Ladi tana da dokoki. Ba a bari ta yi barci, don in ta yi ba ta farkawa. Ba a danna mata sabuntawa, don gyaran da kamfani ke aikowa na 'yan kwali ne, ita zai iya kashe ta. Sandar awona ya ara, wanda ya kai hannu wurin ya sha ta a yatsu. Sannan babban halinta: Rakiya na tsakiyar amsa tambayoyi sai ta ƙame ƙam. Ranar farko yarinya ta fashe da kuka.

"Kukan me? Laifinki ne?"

"A'a, Baffa."

"To sauke hannunki a cinya. Ja numfashi. Kashe ta, kunna ta, ci gaba."

Haka suka yi ta fama har damina ta wuce. Ladi ta ƙame, Rakiya ta kashe ta kunna, har ta kai tana yi tana cin gyaɗa.

Ranar da ta sake zama jarrabawar kuwa, Allah da ikonsa, kwamfutocin layinsu suka ƙame. Yara suka rikice, wasu kuka, wani yana dukan tebur, ko da aka gyara sun manta abin da suka karanta. Rakiya ta ɗaga hannu ta ce wa mai sa ido, "Malam, ta ɗauke ne, a taimaka a tashe ta." Ta sauke hannu a cinya tana jira. Aka tashe ta, ta ci gaba daga inda ta tsaya. Ta ci.

Bayan shekaru, da ta fara aikin asibiti, ta kawo masa furosesa sabo fil, na kasuwa, a kwalinsa a liƙe. Ya juya shi, ya sa tabaro ya duba, idonsa ya kawo ruwa, sai ya wayance da faɗa.

"Wato in cire wa Ladi ƙwaƙwalwa? Bayan wahalar da ta yi miki? Sai ta mutu tukuna."

Ya ɗora kwalin a kan kanta, kullum yana goge masa ƙura, yana nuna wa duk wanda ya shigo: "'Yata ce ta saya, da garanti."

Shi ya riga Ladi tafiya. Da muka buɗe shagon bayan sadakar uku, kwalin na nan a liƙe. Rakiya ta rungume shi ta yi kukan da ya hana ta yi. Ladi tana shagona yanzu, yaran Gwiwa da Roni na zuwa koyo a kanta, tana ƙamewa, ina cewa su sauke hannu a cinya, da sandar awona a kusa.

Allah ya jiƙan Malam Habu, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa. Yadda ya tsaya wa 'yata, ya Allah, ka tsaya masa. Amin.