Sunan Gari Ya Ci Gidan Kawu Habu

Shekara uku ke nan da rasuwar kawuna, Malam Habu tela, mai gidan haya a unguwar Magajiya. Tun farko ina neman afuwa, don mai yiwuwa wasu abubuwa sun shige mini. Lokacin da abin ya faru ina jami'a a Zariya, kuma yawancinsa daga bakin matarsa, Inna Rabi, na ji. Inda ban tabbata ba, zan faɗa.

Kawu mutum ne mai tsoron doka, wataƙila ma fiye da kima. Da guminsa ya gina ɗakuna a bayan shagonsa, yana ba malaman makaranta da 'yan kasuwa haya. Doka kuwa a shekarun nan ba ta zama wuri ɗaya. Yau a ce ga iyakar abin da mai gida zai karɓa, gobe a ce ba a tayar da ɗan haya sai da wa'adi, jibi a ce mun bar hannun Sakkwato mun koma na Minna. Kawu bai yi boko ba. Rediyo yake kasa wa kunne, in ya ji abin da bai gane ba sai ya nufi ɗakin wani ɗan hayarsa, akawu, wanda ba zan ambaci sunansa a jarida ba tukuna. Shi ke fassara masa, Kawu kuma ya bi sau da ƙafa.

Masu karatu na nesa su sani, a lokacin garinmu ne ake kira Abuja. Sunan Suleja daga baya ya zo. Da aka yi ta shelar cewa ƙasar sabon babban birni, Abuja, ta koma hannun gwamnatin tarayya, hankalin Kawu ya tashi. Inna Rabi tana tsakar gida ta ji su shi da akawun.

"Malam Akawu, wai ƙasar Abuja duka aka ce?"

"Duka, Baba. Ai da kunnenka ka ji."

"Har gidan nan?"

Akawun ya yi dariya. "Gidan nan a Kano yake? Gidajen haya ma za a fara rushewa, kuma babu diyya. Ni dai don tausayinka ne zan saya, in ɗauki asarar."

An ce wani ɗan hayan, Malam Bulus, malamin firamare, ya roƙi Kawu ya dakata. Bai dakata ba, don a ganinsa jira ma saɓa doka ne. Ya sayar a kan abin da, in ban yi kuskure ba, bai kai na kwanon rufin ba. Ba a jima ba ta bayyana cewa garinmu yana wajen iyakar, sunan kawai aka ɗauka. Ina da yaƙini, gwargwadon yadda mutum zai yi yaƙini da zuciyar wani, cewa akawun ya san haka tun ranar.

Ba zan ce baƙin ciki ne ya kashe Kawu ba, ajali na Allah ne. Amma daga nan bai ƙara ɗaga kai ya dubi ƙofar gidan ba, ko da zai wuce masallaci.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Ma'aikatan sabon birni sun cika gari, ɗaki ya zama zinariya, ga wata dokar ta sa filaye a hannun gwamna. Na san zai tambaya, zai kuma bi. Abin da ba na jin zai iya ɗauka shi ne wannan: Inna Rabi da 'ya'yanta haya suke yi a ɗakin ƙarshe na gidan da mijinta ya gina, yanzu kuma akawun ya ba ta wa'adi ta fita bayan babbar Sallah. Wai bisa doka.

Ban yafe ba. Na yi ƙoƙari, na kasa, na kuma daina ƙoƙarin. Fatana akawun ya fita daga gidan nan da rana tsaka, kayansa a kai, unguwa tana kallo, ya je ya ƙwanƙwasa ƙofofi neman ɗaki kamar kowa. Ban sani ba ko shari'a za ta maido mana da gidan, na nemi shawara an ce da wuya, sai da shaidu.

Gida ya tafi, amma Kawu ya bar abu guda: ban taɓa jin wanda ya zauna a ɗakinsa ya ambace shi da sharri ba. Su nake kira yanzu. Malam Bulus, an ce ka koma Tafa, wasu sun ce Maje. Kai da duk wanda ya ji maganar nan, ku aiko ta hannun jaridar nan kafin Sallah, ku gyara mini inda na kauce. In kuwa akawun yana ganin na yi masa ƙarya, gyaransa na fi ɗokin ji, a gaban alƙali, ya dafa Alƙur'ani.