Ɗanlaraba da Ramin Bayan Boks

Gyaran agogo ne ya kawo Ɗanlaraba Libreville daga Garwa. Shekara ashirin yana zaune a bakin wani shago a unguwar Glass, da ɗan akwatinsa da gilashin da yake maƙalawa a ido ɗaya. Da waya ta shiga hannun kowa, sai aka daina kawo agogo. Wani lokaci ya wuni bai taɓa komai ba sai kofin shayi.

Wata rana Hammadi mai atamfa ya ajiye masa boks ɗin wifi na gidansa a kan tebur.

"Malam, kai ne mai ƙananan abubuwa. Duba mana wannan, ya daina ba da rezo, intanet ba ya zuwa."

Ɗanlaraba bai taɓa riƙe irinsa ba. Ya jona shi a wuta, ya juya shi, ya ga wani ɗan rami a baya, ya zura tsinken da yake cire madaurin agogo da shi. Fitilun boks ɗin suka mutu, suka dawo kore, ya koma yadda ya fito daga kamfani. Suka kwafi kod ɗin shiga wifi da ke manne a ƙasan boks, da Hammadi ya koma gida komai ya yi aiki.

Kafin wata biyu, rabin unguwar Derrière la Prison sun san shi. Iliminsa dai bai wuce ramin nan ba, amma ba ya gaggawa. Sai ya maƙala gilashi, ya kara boks a kunne kamar agogo, ya girgiza kai, ya aiki mai gida ya kawo ruwa. Kafin a dawo ya soka tsinke.

Haka sunansa ya kai unguwar Okala, gidan Catherine, 'yar Kafanchan da ake kira Maman Delight, mai yin kek tana karɓar oda ta waya. Kukanta ɗaya ne: wifi ba ya kaiwa kicin.

Ɗanlaraba ya nemi ruwa, ya soka tsinke. Da ya kifa boks don ya kwafi kod, sai ya ga ƙasan fari fes.

"Maman Delight, ina takardar da ke nan?"

"Wannan mai datti? Na goge ta da soso tun bara." Ta duba wayarta. "Baba, yanzu ko a falon ma babu."

Ya sake kara boks a kunne, wannan karon da fatan zai ji wani abu. Daga ƙarshe ya gaya mata gaskiya, cewa ya share komai, kuma abin da ya iya ke nan.

Sannan ta tuna akwai wani kati mai ɗauke da kod ɗin a kwalin da boks ya zo ciki. Kwalin kuwa yana bayan gida, kaza tana kwanci a kan ƙwai tara a cikinsa.

"Wanda ya ɓata shi zai ɗauko," in ji ta.

Sau uku kazar ta sare shi kafin ya zaro katin. Suka zauna tare, yana karanto haruffa da gilashinsa, ita tana dannawa a wayarta. Shafi ya buɗe da Faransanci, yana neman sabon suna da sabon kod. Ta karanta, ta fassara masa da Hausa, shi kuma yana rubuta kowane mataki a bayan kwalin sukari. Ranar ce ya fara ganin abin da ke cikin boks.

Matsalar kicin kuma ita da kanta ta gano. Boks ɗin a bayan firij yake, ƙarƙashin tulin tirerukan gasa kek. Da suka ɗora shi kan kabad, rezo ya kai har wajen kazar.

Ta ɗaure masa yatsa, ta ba shi kek a leda, ta kuma yi alkawarin ba za ta gaya wa kowa ba. Mutum huɗu kawai ta gaya wa. Duk huɗun sun kira shi a makon, domin sun ji yanzu ya iya sa wa wifi sunan mai gida.