Matar da Ta Shekara Talatin Tana Zub da Takardu

Bari in fara tona wa kaina asiri kafin wani ya riga ni. Ranar da na fara ganin Yaya, kamar yadda muke kiranta a wurin aiki, tsallake takardunta na yi na wuce. Ina sabon ɗalibi a lokacin, ina sauri zuwa aji, sai fayil ya suɓuce wa wata mata a gabana, takardu suka watse a baranda. Na dubi takardun, na dubi agogona, na ɗaga ƙafa kamar mai tsallake kwata. Ban yi taku goma ba ta cim mini, ta ce, "Ƙanena, yi haƙuri, minti ɗaya." Ta yi mini bayani cewa da gangan ta zubar, bincike ake yi a kan wa ke tsayawa ya taimaka, wa ke wucewa. Saboda haka a wani tsohon kundi da ke sashenmu akwai layi ɗaya mai cewa: namiji, matashi, bai taimaka ba. Ni ne. Yau shekarata ashirin ina koyar da darasin taimakon juna, kuma ɗalibai na cewa ina ƙoƙari.

Aikinmu a wannan sashe na jami'a shi ne nazarin yadda ɗan'adam ke yi idan yana cikin mutane: me ke sa ya taimaka, me ke sa ya bi ayari ko da ya san ayarin ya ɓace. Matsalar ita ce, in ka tambayi mutane da baki, kowa waliyyi ne. Dole sai an shirya ɗan wasa, a saka mutum a ciki bai sani ba, a ga abin da zai yi. Wasa kuwa sai da ɗan wasa. Shekara talatin da ɗaya Yaya ce ke wannan aiki. A takardar ɗaukar aiki an rubuta mata mataimakiyar bincike. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ƙarfe bakwai da kwata take isowa, masu shara ba su gama ba. Ofishinta wani ɗan ɗaki ne ƙarƙashin matakala, in ka miƙe tsaye sosai sai ka gaisa da siminti. Akwai butar shayi, takalma ƙafa uku, da fayil shuɗi mai takarda arba'in. Za ta ƙirga su, ta cire wadda ta yamutse ta sa sabuwa. Sannan ta fito baranda ta gwada zubarwar sau uku, ba mai kallo. Dole takardun su baje a kan tayil shida, ba biyar ba, ba bakwai ba. Na taɓa tambayarta wannan wahala ta mece ce. Ta ce, "In yau sun bazu da yawa gobe kaɗan, to hannuna kuke aunawa, ba zuciyar mutane ba." Idan sun zube takan ce "Af!" sau ɗaya, da murya ɗaya, ko ranar da take cikin farin ciki ko ranar da ta dawo daga ta'aziyya. Daga nan ta durƙusa, tana ƙirga daƙiƙa a zuci. Doka mafi girma ita ce ba ta kallon fuskar mai tahowa, domin ido roƙo ne.

Na zauna na yi lissafi da kundayen da ke ɗakin ajiya: ta zub da takardun nan fiye da sau dubu goma sha ɗaya. A tashar mota, a bakin gidan waya, a ɗakin jiran asibiti, duk inda ba a san fuskarta ba. Ban san wani mutum a duniya da ya durƙusa sau dubu goma sha ɗaya don wasu su sami digiri ba.

Ba zubar da takardu kaɗai ta iya ba. Akwai gwajin da ake zana layuka uku a allo, a zaunar da mutum cikin waɗanda aka haɗa baki da su, duk su ce gajeren layin shi ne dogo, a ga ko zai bi su. Tsohon shugaban sashenmu ya taɓa shiga don ya nuna wa ɗalibai yadda ake tsayawa a kan gaskiya. Yaya ta dubi allon, ta ce na tsakiya ne dogo, da natsuwar mai faɗin sunan mahaifinta. Farfesa ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ce, "To, ta wannan kusurwar dai kam..." Har ya yi ritaya ba ya son a tayar da zancen. Mijinta kuwa ya gaya mini cewa duk ranar da ta yarda da maganarsa ba musu, sai ya leƙa bayan labule ya ga ko akwai mai rubutu.

Amma abin da mai kula da ɗakin karatu ya fi ba da labari shi ne abin da take yi bayan wasan. Ƙa'ida ce a bi mutum a gaya masa gaskiya. Yawancinmu mukan yi shi ne a gurguje, kamar mai karanta takardar magani. Ita kuwa ba ta barin mutum ya tafi da kunya. Mai ɗakin karatun ya ce ya ga wani babban mutum ya taka takardun da takalmi ya wuce. Da ta yi masa bayani sai ya harzuƙa, wai an mai da shi abin wasa. Ta bari ya gama, ta ce, "Ranka ya daɗe, cikin goma shida haka suke yi, kuma ba miyagu ba ne, sauri suke. Ba kai muke bincike ba, saurin muke bincike." Mutumin ya koma ya tsince takardun da kansa, yana hure musu ƙura.

Yanzu ga nawa labarin, wanda ya sa nake jin nauyin matar nan har gobe.

Shekara goma sha huɗu da suka wuce ina neman digiri na uku, kuma na cinye duk ƙarin wa'adin da doka ta yarda. An rubuto mini a sarari: in miƙa kundi cikin wannan zango ko in bar koyarwa. Tunanina mai sauƙi ne. Na ce mutumin da aka yi wa gaisuwa mai daɗi zai fi taimakon na gaba. Mai kula da ɗakin karatu zai riƙa gaishe da wasu da fara'a a bakin ƙofa, wasu kuma ya duba katinsu kawai. Taku ashirin gaba, Yaya ta zub da takardu. Sakamakon ya fi mafarkina kyau: cikin waɗanda aka gaisar, takwas cikin goma sun taimaka, cikin sauran, huɗu. Na rubuta maƙala, wata mujallar ilimi ta buga, na fara tafiya a baranda kamar wanda ya gano maganin zazzaɓi.

Saura mako shida in miƙa kundin ta ƙwanƙwasa ofishina. Ina ƙara wasu gwaje-gwaje ne don cike babi na ƙarshe. Ta zauna, abin da ba ta taɓa yi ba.

Ta ce, "Malam, aikin nan akwai gyara."

Na ce, "Wane shafi?"

"Ba shafi ba. Ni ce gyaran. Ina ɗaga ido."

Ban gane ba. Ta ce a inda take tsayawa tana jin muryar mai ɗakin karatu, don haka ta san wanda aka gaisar da wanda ba a gaisar ba. Wata rana kuma, da ta durƙusa, sai ta hangi kanta a gilashin allon sanarwa. Ta ga ta ɗaga ido ta dubi mai tahowa, kiftawa ɗaya. Ta sa wa kanta ido kwana uku. Ga waɗanda aka gaisar idon na tashi, ga sauran ba ya tashi.

"Ba da niyya ba," in ji ta. "Amma kai ka zauna a ɗakina kana shan shayina kana gaya mini abin da kake fatan gani, har kumfa a bakinka. Ni kuma ina so ka gama ka huta. Ido ya ji."

Wannan kuskure a darasin shekarar farko muke koyar da shi: kada ka gaya wa ɗan wasa abin da kake nema. Ni da kaina na sha ba ɗalibai sifili a kansa.

Ina so in ce na miƙe na yi mata godiya. Abin da na yi shi ne na tashi na rufe ƙofa. Na ce, "Yaya, wa ya gani?"

"Ni."

"Bayan ke?"

"Gilashi."

Na yi ta magana. Na ambaci matata, na ambaci yara, na ambaci mahaifiyata da ta riga ta gaya wa duk dangi cewa ɗanta ya kusa zama dakta. Na ce a bari in miƙa, daga baya a gyara. Ta ce ba za ta kai ƙarata wurin kowa ba, amma ba za ta sa hannu a takardar shaidar gwajin ba, in kuma an tambaye ta za ta faɗi abin da ta gani. Raina ya ɓaci, na ce, "Haba Yaya! Ke da sana'arki ita ce yi wa mutane ƙarya?"

Ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Ƙaryata minti biyu take yi, in bi mutum in warware masa. Taka fa? Wa zai bi masu karatu ya ce musu yi haƙuri, minti ɗaya?"

Har yau ina neman amsar wannan tambaya.

Ita ta kawo dabarar. Ta ce a mai da ita bayan kusurwar gini inda ba ta ganin ƙofa, ta toshe kunnuwanta da auduga, a sami wani ya ɗaga mata hankici idan mutum ya taho, ɗagawa iri ɗaya ko an gaishe shi ko ba a gaishe shi ba. Haka muka sake komai daga farko. Mutum ɗari huɗu cikin mako biyar. A mako na uku gwiwarta ta kumbura, ta ɗaure ta da bandeji a ƙarƙashin zane don kada ɗingishi ya shiga cikin lissafi. Na ce mu huta kwana biyu. Ta nuna kunnenta, wai ba ta ji. Audugar na hannunta a lokacin.

Da na haɗa alƙaluman, cikin kowane ɗari da aka gaisar hamsin da biyu sun taimaka, cikin waɗanda ba a gaisar ba arba'in da tara. Wato babu komai. Babban abin da na gano ya tashi daga zuciyar ɗan'adam ya koma fatar idon Yaya. Na zauna na rubuta kundi a kan babu, na ƙara babi guda a kan ɗaga idon da audugar, na miƙa ana saura kwana biyu.

Mai jarrabawar da aka gayyato daga wata jami'a tsoho ne mai ƙarancin magana. Ya ce babi huɗun farko Allah ya ba da lada, amma na biyar ya isa digiri shi kaɗai. Ya tambaya, "Dabarar audugar nan ta wa ce?" Na ce, "Mu muka yi tunaninta." Ku lura da wannan "mu". Ita ma tana cikin abin da ya sa nake wannan rubutu. Na ci jarrabawa, na tsira da aikina, na aika wa mujallar da takardar gyara, suka buga ta a shafin baya da ƙananan haruffa.

Yaya, ke ce kika ga abin da ba wanda zai taɓa gani, kika ɗauko shi kika kawo ofishin mutumin da ba ya son ji. Ke ce kika fi mu sanin cewa son mutum ma na iya ɓata awo, kika ci gaba da son namu, kika toshe kunne. Mai durƙuson da ya miƙar da wasu! Na ƙirga daktoci goma sha bakwai da suka hau ta gwiwarki, biyar cikinsu yanzu farfesoshi ne, kuma in ka buɗe kundayensu za ka same ki a jumla ɗaya: "wata mataimakiya ta zub da takardun." Ko a nan ban faɗi sunanki ba, don kin hana. Kin ce wadda za ta gaje ki na iya buƙatar a ci gaba da ɗauka cewa takardu na zubewa da kansu.

A sashenmu yanzu ba a fara gwaji sai an tambaya, "An sa auduga?" ko da gwajin ba ruwansa da kunne. Sababbin ɗalibai na faɗa ba su san asalinsa ba. To ga asalin.

Na gode, Yaya. Allah ya hutar da gajiya, ya sauƙaƙa wa gwiwar nan, ya sa daga yau duk abin da ya faɗi daga hannunki a sami mai riga ki durƙusawa. Ku kuma matasa masu shigowa wannan fage, in kuna neman wanda za ku kwaikwaya, kada ku dube mu masu manyan riguna ranar yaye ɗalibai. Ku dubi matar da ta kama idonta yana ƙarya ta kai shi ƙara. Ku yi irin nata, don gaskiya ita ce ke wanzuwa.

Jiya na duba. Maƙalar farko, mai kuskuren, masana sun ambace ta sau ɗari uku da goma sha biyu, kuma da ita aka ƙara mini girma. Takardar gyaran sau huɗu, uku ni ne.