Bututun Hayaƙin Tanderuna

A gidan da muka zauna a unguwar Nuzla ta Jidda, tanderun da nake gasa gurasa yana cikin kicin, hayaƙinsa kuma yana fita ta wani bututu na jan bulo da maigidana ya gina a kan rufi. Da laka ya haɗa bulon, irin ginin garinmu. Gurasar nan ita ke ci da mu, kullum ina kai ta kasuwar Bab Makka.

A garinmu duk shekara sai an yi yaɓe kafin damina. To Jidda ina damina? Duk sanda na ce ya hau ya duba, sai ya ce, “Hajiya, yaɓe don wane ruwa?” Ashe raɓar teku mai gishiri tana nan tana cin lakar a hankali.

Wata safiya ina shanya na ɗaga kai na dubi rufi. Bututun ya tsage, ya karkata wajen lungun da yaran maƙwabta ke wasa. Idan bulo ɗaya ya faɗo kan ɗan wani, 'yan sanda za su zo, maigidana kuwa ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama. Umra ya zo ya zauna. Ni kaɗai ke da takarda, a kan sunan kafilin yayana, wato ɗan ƙasar da ya tsaya masa.

“Malam, yau za ka gyara shi, da siminti,” na ce.

“Siminti ba ya jure wuta. Laka zan kwaɓa da ciyawa, kuma sai ta ruɓa.”

Wallahi kamar in fasa ihu. Mutumin nan ya bar laka a baho tana tsima, ni kuma na kasa cin abinci. Ko ƙwallo ta bugi bango sai na fito a guje.

Da lakar ta yi, ya hau da hantsi. Wannan ma wani tashin hankali ne, domin duk wanda ke kan titi yana hango shi. Ina ƙasa ina miƙa masa bokiti ina cewa, “Yalla, yi sauri, sunkuya mana!” Ya sauke bulon da ya saki, ya sake jera shi, ya fara yaɓe daga ƙasa.

Ya kai rabi ke nan sai motar masu duba takardu ta tsaya a bakin lungu. Suka kira shi ya sauko. Ya wanke hannu a bahon, ya dube ni ya ce, “Halas, shi ke nan. Kada ki bari lakar ta bushe.”

Ina kuka na ɗaure zani na hau na ƙarasa. An mayar da shi ƙasarmu, bai ƙara samun dawowa ba. Shekarun da na ƙara a gidan, duk lokacin yaɓe nakan shafe sama, in bar rabin ƙasa inda shatin yatsunsa yake.