Ni Na Soya Kifin Ban Kwanansa

Lokacin da Argungu da Birnin Kebbi ke cikin Jihar Sakkwato, ni sabuwar malama ce, ban fi shekara ashirin da biyu ba, aka tura ni wata firamare a ƙauye kusa da Gulma. Ni kaɗai ce mace cikin malamai. Gida gida na bi ina roƙon iyaye su ba mu 'ya'yansu mata, da ƙyar da jiɓin goshi na tara goma sha huɗu. Ina ji da su kamar ni na haife su.

A makarantar, in an tashi, malami kan zaɓi ɗalibi ya kai masa littattafan aji gida, ya ɗebo masa ruwa. Kowa na yi, har ni. Amma malamin aji huɗu bai taɓa zaɓen namiji ba, kuma iyalinsa suna Argungu, shi kaɗai ke gidan. Mutum mai fara'a, carbi ba ya barin hannunsa. Sai na lura wata 'yar ajinsa mai shekara tara, wadda ta fi kowa ɗaga hannu, ta koma can baya, da an kusa tashi sai ta ce cikinta ke ciwo. Na yi ta zarginsa, ina kuma zargin kaina da mugun zato. Ran nan na kira ta gindin darbejiya. Ta daɗe tana murza bakin ɗankwalinta, sannan ta ce, "Malama, don Allah ki ce a bar ba ni littattahwai." Sauran abin da ta gaya mini ba zan iya rubuta shi ba.

Na kai wa hedimasta. Ya tura ƙofa, ya ce in maganar nan ta fita, gobe ko yarinya ɗaya ba za mu gani ba, duk wahalata ta tashi a banza, ita kuma an ɓata mata suna har abada. Ya ce in bar masa, zai nema a yi wa mutumin canjin wurin aiki. Kunya nake ji in faɗa, amma wallahi sanyi na ji a raina. Da takarda ta zo aka haɗa masa liyafar ban kwana, ni na soya kifin. Yarinyar ba ta ƙara zuwa makaranta ba. Uwarta ta ce mini ta rasa gane kanta, kullum kuka, na ce a yi ta addu'a.

Bayan shekara shida aure ya kawo ni Birnin Kebbi. Wata rana ina gidan yayata a unguwar Nasarawa, har muka yi la'asar 'yarta ba ta dawo daga makaranta ba. Yayata ta ce kar in damu, littattafai ta kai wa malaminsu, mutumin kirki ne, daga wajen Argungu aka kawo shi. Na tambayi sunansa, ta faɗa. Shi ne. Ran nan na buɗe baki, mijinta ya kai ƙara, aka kama shi. Amma yarinyar ta fi shekara tana kai littattafan. Yayata ba ta zage ni ba, tambaya ɗaya ta yi: "Ashe kin sani?"

Yanzu ina jin maganar cin zarafin yara a rediyo, manya na ta tsara dokoki, na gode wa Allah. Sai dai dokar ba ta isa inda ba a faɗa ba. Na ɗauka asirin yarinya na rufa, ashe nasa na rufa, na kuma buɗe masa wata ƙofar. Malamai da iyaye, in yaro ya canza, ku tambaye shi, ku yarda da shi, ku kai wa hukuma, kar ku yarda a sallami mugu da canjin gari. Duk garin da aka kai shi akwai 'yar wani a can. Wadda ya tarar tamu ce.